Yadda ake dafa kuskus da romon nama da kayan lambu irin na Arewacin Afirka

A gidajen Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya, kuskus abinci ne da ake turarawa a kan tukunyar romo sau biyu ko sau uku, kuma duk lokacin da aka sauke shi sai an yayyafa masa ruwa an warware shi da hannu kafin a mayar. Wanda ya saba zuba masa tafasasshen ruwa ya rufe na minti biyar ya ci kuskus, amma bai ci irin wanda mutanen can suke nufi ba, domin tururi ne yake sa kowace ƙwaya ta kumbura ta yi laushi ba tare da ta manne da 'yar'uwarta ba. Asalin abincin na Barbar ne, wato mutanen asali na Arewacin Afirka, kuma ana yin sa da tsakin alkama mai tauri da ake murzawa da ruwa har ya zama ƙananan ƙwayoyi. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ake gado, bisa buƙatar da Aljeriya, Muritaniya, Maroko da Tunisiya suka gabatar tare. A Maroko abincin ranar Juma'a ne, iyali suna haɗuwa a kan akushi ɗaya bayan an sauko daga masallaci.

Uwargidan da ta iya dambu ta riga ta san rabin aikin. Abin da zan bayyana a nan shi ne kuskus na Maroko mai kayan lambu bakwai, wanda aka fi dangantawa da birnin Kasablanka, gwargwadon abin da zai ishi mutum shida zuwa takwas. Daga tsoma wake zuwa zubawa a akushi aikin yana farawa tun daren jiya, amma girkin kansa kamar awa biyu da rabi ne.

Kayan aiki

Tukunyar kuskus hawa biyu ce. Ta ƙasa doguwa ce mai ciki, a nan romo yake dahuwa, ta sama kuma mai huji-huji ce, ita ce mutanen Maroko suke kira kaskas. Madambaci yana yin wannan aikin sarai. Idan babu shi, ki ɗora gwagwar ƙarfe a bakin tukunyar da ta yi daidai da ita, da sharaɗi biyu: kada gindin gwagwar ya taɓa romon ko da yana tafasa, kuma kada a bar kafa a gefe inda tururi zai riƙa zurarewa. Idan hujin gwagwar manya ne, ki shimfiɗa farin ƙyalle marar kauri mai tsabta a ciki, wanda ba ya ƙamshin sabulu, domin kuskus yana ɗaukar ƙamshi da sauri.

Za ki buƙaci babban akushi ko tire mai faɗi wanda za ki iya baza kilo guda a cikinsa ki sa hannu biyu. Kwano mai zurfi ba ya yi, domin na ƙasa yana dannewa ya dunƙule. Sai dogon tsumma mai tsabta na ɗaure mahaɗar tukwanen biyu, ludayi, cokali mai huji na tsamo kayan lambu, da ƙaramar tukunya guda a gefe.

Kayan haɗi

Kuskus busasshe kilo ɗaya, matsakaicin ƙwaya. Mai laushin ƙwaya ya fi daɗi a baki amma ya fi saurin caɓewa a hannun mai koyo, don haka ki fara da matsakaici. Naman rago ko na sa kilo ɗaya, mai ƙashi, a yanka manya-manya. Wuya, kafaɗa da ƙwauri sun fi ba da romo. Albasa manya biyu, tumatir huɗu, man zaitun ko man gyaɗa rabin kofi, man shanu cokali biyu, da waken hummus kofi ɗaya, wato waken nan mai zagaye da ake samu a shagunan kayan Larabawa. Inda na ce kofi, ina nufin mai cin rubu'in lita.

Kayan ƙamshin Maroko a wannan girkin ba su da yawa kamar yadda ake zato: dakakkiyar citta babban cokali ɗaya, masoro ƙaramin cokali biyu, kurkum ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, da ɗan za'afaran idan akwai. Sai damin ganyen fasili da na kuzbara, wanda masu kayan miya suke kira koriyanda, a ɗaure su da zare. Akwai haɗin kayan ƙamshi da ake kira ras al-hanut, wanda kowane mai shago yake da nasa haɗin; ƙaramin cokali ɗaya ya isa, kuma idan babu ba a rasa komai ba. A ganina dunƙulen ɗanɗano ba shi da gurbi a nan, domin yana rufe ɗanɗanon kabewa da karas, waɗanda su ne suke ba romon zaƙinsa.

Kayan lambun da aka saba sa wa su ne karas, kabewa, kabeji, lifit (saiwa ce fara mai ɗan ɗaci, mai kama da babban radish), kusa (ɗanyar kabewa doguwa mai koren bawo), yalo irin dogon nan baƙi, sai albasa da tumatir da ke cikin romo. Ba kowane gida ne yake ƙirga bakwai ɗin iri ɗaya ba, don haka kada rashin ɗaya ya hana ki. Idan babu lifit ki sa dankalin Hausa, wanda su ma suna sa wa. Idan babu kusa ki ƙara kabewa ko ki sa koren wake. Gauta tana iya maye gurbin yalon. Jimillar kayan lambun ta kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Attaruhu ɗaya ko biyu za su shiga a ɗungum, ba a yanka ba.

Matakan girki

1. Jiƙa wake da gyara kayan lambu. Ki jiƙa waken hummus tun dare cikin ruwa mai yawa, domin yana ninka girmansa. Wanda ba a jiƙa ba, yana iya kai awa uku a wuta yana nan da taurinsa. Idan na gwangwani kika samu, ki wanke shi ki ajiye, sai minti goma na ƙarshe zai shiga. Kayan lambun kuwa manya ake barin su: karas a raba shi biyu a tsaye, kabeji a raba huɗu a bar jijiyar tsakiya don kada ganyen ya watse, kabewa a yanka kamar tafin hannu da bawonta, kusa a raba biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yayyanka su ƙanana kamar na dafa-duka, sai su narke romon ya zama fate.

2. Ɗora romo. Ki zuba rabin man a tukunyar ƙasa, ki sa nama, yankakkiyar albasa, citta, masoro, kurkum da gishiri babban cokali ɗaya, ki riƙa juyawa a matsakaiciyar wuta kamar minti goma har naman ya canja launi albasar ta yi laushi. Ki goga tumatir ki zubar da bawon, ki zuba, ki bari ruwansa ya ɗan tsotse. Daga nan ki zuba ruwa lita biyu da rabi zuwa uku, ki sa wake, damin ganye da za'afaran, ki rufe ya tafasa, sannan ki rage wuta ya yi minti talatin yana dahuwa kafin kuskus ya hau. Ruwan ya zama da yawa tun farko, domin wannan romon ne zai ba da tururi na fiye da awa ɗaya kuma shi ne za a jiƙa abincin da shi. Idan kaza za ki yi amfani da ita, ta gida tana tafiya da lokacin naman rago, ta gidan gona kuwa ki tsame ta bayan minti arba'in ki ajiye, sai an zo zubawa ki mayar da ita ta yi zafi.

3. Murzar farko. Ki zuba busasshen kuskus a akushi, ki zuba masa sauran man, ki murza tsakanin tafukan hannunki har kowace ƙwaya ta sami mai. Sai ki yayyafa ruwan sanyi kofi ɗaya, kaɗan-kaɗan, kina ɗagawa da yatsu kina sakewa. Ki bar shi minti goma ya sha ruwan, ki sake murzawa a hankali ki fasa duk wani ƙulli. Man da aka fara sa wa shi ne yake hana ƙwayoyin haɗewa idan ruwa ya taɓa su, don haka kada ki juya tsarin ki fara da ruwa.

4. Turarawar farko. Ki shafa ɗan mai a cikin madambacin, ki ɗora shi a kan romon da yake tafasa, ki jiƙa tsumman nan ki naɗe mahaɗar. Idan har yanzu tururi yana fita ta gefe, ki dama ɗan fulawa da ruwa ki shafa a tsumman, zai liƙe. Ki zuba kuskus ɗin da hannu, a sake, ba tare da dannawa ba. Idan madambacin ƙarami ne, ki zuba kashi ɗaya cikin uku ki jira tururi ya ɓullo ta cikinsa, sannan ki ƙara wani a kai. Kada ki ji tsoron ƙwayoyin za su zube ta hujin, tururin da yake tasowa yana riƙe su, 'yan kaɗan ne suke faɗawa.

Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ar da kika ga tururi yana fita ta saman kuskus ɗin ko'ina, ba daga sa'ar da kika ɗora ba. Daga nan ki ƙirga minti goma sha biyar zuwa ashirin. A Maroko ba a rufe madambacin, kuma dalilin a fili yake: murfi yana tara gumi, gumin ya ɗiga ya jiƙa na sama ya bar na ƙasa. Idan wutarki ba ta da ƙarfi, kamar ta gawayi da ta fara lafawa, kina iya rufewa da ƙyalle busasshe maimakon murfin ƙarfe.

5. Warwarewa da ba shi ruwa. Wannan matakin ne yake raba kuskus mai kyau da marar kyau, kuma shi ne ba a gaggawa a cikinsa. Ki juye kuskus ɗin a akushi, zai fito a dunƙule da siffar madambacin. Ki fasa shi da cokalin katako ki baza, domin zafinsa yana ƙona hannu. Ki narka gishiri ƙaramin cokali biyu a cikin ruwan sanyi kofi biyu, ki riƙa yayyafawa kina juyawa. Ruwan zai rage zafin har ki iya sa hannu. Ki shafa mai a tafinki, ki riƙa ɗebo kuskus ɗin kina murzawa a hankali kina barin sa yana zuba daga sama, har ya zama babu ƙulli ko ɗaya. Murzawa ce mai sauƙi, ba matsewa ba. Idan kika matse, ƙwayoyin za su fashe su zama tuwo, kuma babu turarawar da za ta gyara wannan. Ki baza shi ki bar shi minti goma zuwa sha biyar ya shanye ruwan. Za ki ga ya ƙaru sosai.

Kada ki zuba ruwan gaba ɗaya a wuri guda, kuma kada ki yi amfani da ruwan zafi, domin yana dafa bayan ƙwayar nan take ta yi danƙo. Idan hannu ya zarce ruwa ya yi yawa, ki baza shi siriri a tire biyu ki bar iska ta buge shi minti ashirin kafin ki mayar.

6. Kayan lambu masu tauri da turarawa ta biyu. Yayin da kuskus yake hutawa, ki duba romo. Ki ɗanɗana gishiri, idan ruwa ya ja baya ki ƙara tafasasshe, ba na sanyi ba. Ki zuba karas, lifit da kabeji. Idan naman ya riga ya yi laushi ki tsame shi ki rufe a kwano, don kada ya wargaje. Ki mayar da madambaci, ki sake ɗaure mahaɗa, ki zuba kuskus, ki ba shi wasu minti goma sha biyar zuwa ashirin daga fitowar tururi. Ki lura da tukunyar ƙasa: kayan lambu suna ɗaga romo, idan ya taɓa gindin madambacin na ƙasa zai jiƙe ya toshe hujin, tururi ya daina wucewa. Idan haka ta kusa faruwa ki ɗebe romo ludayi uku zuwa ƙaramar tukunya, dama za ki buƙace shi.

7. Ruwa na biyu, kabewa da turarawa ta uku. Ki sake juyewa a akushi, ki yayyafa ruwa kofi biyu kamar dā, ki warware. A nan hannu ne ma'auni, domin kuskus na kamfanoni daban-daban ba ya shan ruwa iri ɗaya. Ki ɗauki 'yan ƙwayoyi ki latsa tsakanin yatsu: idan akwai sauran tsakuwa a tsakiya, ki ƙara rabin kofi ko kofi guda, idan sun latsu sarai, ki tsaya. Jimillar ruwan da kilo ɗaya yake sha yakan kama daga lita ɗaya da rubu'i zuwa ɗaya da rabi.

Ki zuba kusa, yalo, attaruhu da dankali, idan da shi, a babbar tukunya. Kabewa kuwa na fi son a dafa ta daban a ƙaramar tukunyar nan da romon da aka ɗiba, domin tana nuna da wuri kuma idan ta narke a babbar tukunya tana kaurara romon. Minti goma sha biyar yakan ishe ta. Ki mayar da kuskus ya yi turarawa ta uku, minti goma sha biyar.

Yawancin kuskus na leda da ake sayarwa an riga an turara shi a kamfani an busar, shi ya sa yake nuna da wuri. Irin wannan turarawa biyu takan ishe shi, sai ki ɗanɗana bayan ta biyu kafin ki yanke shawarar yin ta uku. Idan kuwa babu madambaci babu gwagwa sam, ki auna kuskus kofi ɗaya da romo mai tafasa kofi ɗaya, ki rufe minti biyar zuwa goma, ki warware da cokali mai yatsu da ɗan man shanu. Zai ciyu, sai dai ba zai yi sauƙi da yawan na turarawa ba.

8. Man shanu da zubawa. Ki juye a akushi karo na ƙarshe, ki sa man shanu cokali biyu tun yana da zafi, ki juya ya narke ya shiga ko'ina. Mutanen Maroko suna amfani da wani man shanu mai gishiri da ake ajiyewa watanni har ya yi ƙarfin ƙamshi, suna kiran sa siman; man shanunmu da aka soya yana ba da abin da ya kusa da shi, amma ki fara da kaɗan idan mai ƙarfi ne. Ki zuba romo ludayi biyu ko uku, ki juya, ki bari minti biyar ya sha.

Ki tara kuskus ɗin kamar tudu, ki yi rami a tsakiya ki sa nama, ki jera kayan lambu a kai suna gangarowa ta kowane gefe don kowa ya sami kowane iri a gabansa, ki watsa wake a sama. Ki cire damin ganyen ki zubar. Ki ƙara romo ludayi biyu a kai, sauran ki kawo a kwanuka daban kowa ya ƙara yadda yake so. Kada ki cika romo tun a akushi har ya kwanta a ƙasa, domin aikin awa biyu na raba ƙwayoyin zai lalace cikin minti kaɗan. A Maroko akan biyo shi da nonon da aka kaɗe aka cire mai, kuma nonon shanu marar sukari ko kindirmo da aka tsinka da ruwa yana yin daidai.

Albasa mai zaƙi da ake ɗorawa a sama

Akwai wani haɗi da ake kira tafaya, wanda ake ɗorawa a kan kuskus na kaza ko na rago, musamman idan akwai baƙi. Ki yanka albasa kilo ɗaya siriri, ki sa a tukunya da man shanu cokali biyu, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, ɗan citta, ɗan gishiri da romo ludayi ɗaya. Ki rufe ta yi laushi, sannan ki buɗe ki zuba zabibi kofi ɗaya da aka jiƙa, da zuma ko sukari cokali biyu zuwa uku. Ki rage wuta sosai kina juyawa lokaci-lokaci har ruwan ya ƙafe albasar ta yi launin zuma, abin da yakan ɗauki minti arba'in zuwa awa guda. Minti goma na ƙarshe ne take kamawa, don haka kada ki bar wurin. Idan za a yi tafaya, yawanci ba a cika kayan lambu ba, nama, wake da albasar sun wadatar.

Idan yaji ake so: hanyar Tunisiya

Romon Maroko rawaya ne mai sanyin yaji, kuma mai son barkono zai iya jin kamar da saura. Na Tunisiya ja ne, ana soya tumatirin gwangwani cokali uku a cikin mai tun farko tare da harisa, wato kwaɓaɓɓen yajin barkono, kuma ana jiƙa kuskus ɗin da man da ya taso saman romon har ya yi ja kafin a zuba. Harisa kuwa ba ta da wuyar yi: ki cire 'ya'yan busasshen tattasai da busasshen barkono, ki jiƙa tattasan da barkonon a ruwan zafi minti talatin, ki tsane, ki daka da tafarnuwa, gishiri, 'ya'yan kuzbara da karawiya (wasu ƙananan 'ya'yan kayan ƙamshi ne), ki kwaɓa da man zaitun. Idan babu karawiya ki bar ta, tafarnuwa da kuzbara sun isa. Ki zuba a kwalba ki rufe samanta da mai, ki sa a firji. Ko da na Maroko kika dafa, kina iya dama cokali ɗaya na harisa a kwanon romo guda don masu so, ba sai kin sa wa tukunya duka yaji ba.

A garuruwan bakin tekun Tunisiya irin su Safakis da tsibirin Jarba, da kifi ake yin sa. Ana dafa romon da kan kifi da ƙashinsa a tace, sannan gunduwar kifin ta shiga a minti goma zuwa sha biyar na ƙarshe kawai. Kifi mai tsoka mai ƙarfi ake so, kamar giwan ruwa, domin mai laushi yana wargajewa ya cika romon da ƙaya.

Abin da ya rage

Ki ajiye kuskus daban, romo da kayan lambu daban, kuma su shiga firji da zarar sun huce, domin kabewa da kabeji suna saurin tsami a lokacin zafi. Washegari ki yayyafa wa kuskus ɗin ruwa kaɗan ki turara shi minti goma a kan ruwa zalla, zai dawo kamar sabo. Wanda romo bai taɓa ba yana da wata hanya: a Aljeriya ana turara shi da zabibi ko koren wake, a sa man shanu, a ci da nono, suna kiran sa masfuf, kuma ana yawan yin sahur da shi a watan azumi. A Maroko kuma akan tara shi a faranti a barbaɗa kirfa, garin sukari da soyayyen almon da aka daka, idan babu almon soyayyar gyaɗa tana yi.